Java: Inda sabon mai koyo zai fara da littafin da ya kamata ya jinkirta

Java harshe ne na rubuta manhajar kwamfuta da James Gosling da abokan aikinsa suka ƙirƙira a kamfanin Sun Microsystems na Amurka, aka fito da shi a shekarar 1995. Kamfanin Oracle ne ke riƙe da ragamarsa tun da ya sayi Sun a 2010. Bankuna da manyan kamfanoni na dogaro da shi, kuma da shi aka rubuta ɗimbin manhajojin wayoyin Android. Kamar suna kawai ta haɗa shi da JavaScript, don haka mai sayen littafi ya lura da kyau.

Inda sabon shiga ke yawan tuntuɓe shi ne tunanin da aka gina harshen a kansa, wato abin da littattafan ke kira kilas da objek. Kilas tamkar fom ne da ba a cike ba, mai gurbin sunan kaya da farashi da adadi. Objek kuwa shi ne fom ɗin bayan an cike shi, a ce na buhunan shinkafar da ke sito, ko na katan-katan na sabulu. Ƙarin da aka samu a kan takarda shi ne kilas na ɗauke da ayyukansa, kamar rage adadi duk lokacin da aka sayar da buhu ɗaya. Wanda bai kama wannan ba zai yi watanni yana kwafar abin da bai fahimta ba.

Saboda wannan matsala aka samar da manhajar BlueJ a 1999, ƙarƙashin jagorancin Michael Kölling. Tana zana kowane kilas a matsayin akwati, ɗalibi ya danna ya ƙirƙiri objek, ya ba shi umarni, ya ga abin da ya sauya da idonsa. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta cin data. Littafin da ke tafiya da ita shi ne Objects First with Java, na David Barnes da Kölling.

Ga mai son tsararren darasi akwai kwas ɗin Java Programming na Jami'ar Helsinki da ke Finland, wanda ke kan intanet kyauta da Ingilishi. Kashi biyu ne, kowanne da babi bakwai, kuma na'ura ce ke duba aikin ɗalibi ta faɗa masa inda ya kuskure. A ganina ya fi kallon bidiyo amfani nesa ba kusa ba, domin dole mutum ya rubuta da hannunsa. Ma'aikacin da ke da sa'a ɗaya bayan tashi daga ofis ya riƙe shi shi kaɗai, kada ya raba hankalinsa gida uku.

Littafin Head First Java na Kathy Sierra da Bert Bates yana da saukin shiga, cike yake da zane da wasa ƙwaƙwalwa. Sai dai a duba shekarar bugu: na biyu ya fito ne a 2005, na uku a 2022. Java na fitar da sabon zubi kowane Maris da Satumba, kuma mai koyo ya zaɓi waɗanda ake daɗewa ana kula da su, irin su 17 da 21 da 25. Tsofaffin darussan Oracle an rubuta su ne don Java 8 na 2014; sababbin suna shafin dev.java.

Shi kuwa Effective Java na Joshua Bloch, da ƙwararru ke yawan yabawa, an rubuta shi ne don wanda ya riga ya iya harshen. A ajiye shi sai an kammala kwas ɗin Helsinki.

Kayan aikin da ake buƙata su ne kwamfuta, ko da tsohuwa ce, da JDK, wato kunshin da ke sarrafa abin da aka rubuta, wanda ake samu kyauta daga OpenJDK. Waya na iya isa wajen karatu, amma rubuta aikin kwas a kanta wahala ce.