Tarihin Motar Da Lantarki Ke Taimakon Injinta, Da Dalilin Da Ya Sa Ta Makara Zuwa Ƙasar Daura

A wannan fitowa ina so ne mu waiwayi tarihin wata dabara da ake ta zancenta a gareji da majalisu tun da kuɗin mai ya tashi, wato haɗa wa motar fetur injin lantarki da batir domin ta rage shan mai. Da yawa sun ɗauka sabon abu ne. A gaskiya dabarar ta haura shekara 120, kuma in an bi tarihinta za a ga farashin mai ne ke tashe ta, shi ne kuma ke kwantar da ita.

Waɗanda ba su yi barci a ajin Fiziks ba za su tuna cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Injin fetur ba ya mayar da ko rabin ƙarfin da ke cikin mai zuwa tafiya. Sauran zafi ne da hayaƙi. Inda ya fi ɓarna kuwa shi ne wajen tashi daga tsaye, da lokacin da mota ke tsaye injin yana aiki. Haka nan duk sa'ad da direba ya taka birki, ƙarfin da ya saya da kuɗinsa yakan koma zafi a ƙafafun mota. To, aikin injin lantarkin uku ne. Yana tura mota wajen tashi, yana ba injin fetur damar mutuwa in an tsaya, sa'an nan in an taka birki sai ya juye ya zama janareto ya mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir.

A shekarar 1900 wani saurayi mai suna Ferdinand Porsche, yana aiki da kamfanin Lohner a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, ya ƙera motar da injin fetur ke juya janareto, shi kuma janareton ya ba injinan lantarki da ke cikin ƙafafu wuta. Wajen 1916 kamfanin Woods na Cikago a Amurka ya fito da Dual Power, wadda ke tashi da lantarki, in ta ɗauki gudu fetur ya karɓa. Motar ta yi aiki, amma kuɗinta ya isa a sayi Ford Model T fiye da shida, ga mai kuma araha a Amurka. Kafin 1920 kamfanin ya rufe, aka kwashe kusan shekara hamsin ba mai tayar da zancen.

Abin da ya tayar da shi shi ne yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. A 1974 wani injiniya, Victor Wouk, ya kai wa hukumar kare muhalli ta Amurka wata Buick Skylark da ya sa wa injin lantarki, aka gwada ta, amma ba a ci gaba da ɗaukar nauyin aikin ba.

Mu kuwa a nan, tashin farashin da ya sa Turawa kuka shi ne ya zame mana kakar arziki. Shi ya kawo ƙarin albashin Udoji, har malaman makaranta da akawu suka shiga sayen babura. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, 504 da a-kori-kura 404 suka cika hanyar Daura zuwa Kano ta Kazaure. Ɗan garin nan, marigayi Janar Muhammadu Buhari, shi ne Kwamishinan Man Fetur na Tarayya daga 1976 zuwa 1978, a zamaninsa aka kafa NNPC a 1977, matatar Kaduna kuma ta fara aiki a 1980. A 1982 litar fetur kwabo 20 ce. Wa zai tsaya lissafin abin da birki ke ɓatawa?

Daga nan farashi ya fara hawa: kwabo 39 da rabi a 1986, kwabo 70 a 1991, naira 3 da kwabo 25 a ƙarshen 1993, naira 11 a 1994. Daga wannan ƙari na ƙarshe ne gwamnatin Janar Abacha ta kafa asusun PTF, aka ba Janar Buhari shugabancinsa. Duk wanda ya yi tuƙi a waɗannan shekaru ya san kwana a layin mai, ya san 'yan bumburutu da jarkokinsu. Amma a lura, abin da ya dame mu a lokacin rashin mai ne. In an same shi a farashin hukuma ya fi na maƙwabta araha nesa ba kusa ba, shi ya sa yake sulalewa ta Kwangwalam da Zango da Ɓaure zuwa ƙasar Damagaram. Mutumin da ke fama da rashi tanki yake nema ya cika, ba ya tunanin sauya mota.

A daidai wannan lokaci, a watan Disamba na 1997, kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan, motar farko irin wannan da aka ƙera da yawa don kasuwa. Japan ba ta da man kirki nata, saye take yi, don haka ba abin mamaki ba ne. A 1999 Honda ta biyo da Insight, wadda ta fi dacewa da kalmar taimako: wani siririn injin lantarki mai kilowat 10 aka cusa tsakanin injin fetur mai silinda uku da giya. Shi kaɗai ba ya jan motar, sai dai ya sa hannu in injin fetur ya ji nauyi, kamar yadda ake kama wa mai kaya ya ɗora.

Akwai hannun Bahaushe a wannan tarihi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato kafin ya tafi Ditiroyit karatun zanen motoci, ya shiga kamfanin General Motors a 1994. Shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, aka fara sayarwa a ƙarshen 2010. Ita Volt ana cajinta ne da wutar gida, ta yi tafiyar kilomita hamsin da wani abu da batir, in ya ƙare injin fetur ya tashi. A 2017 Shugaba Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, ya riƙe ta har 2023, kuma a zamaninsa aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021.

Duk da haka motocin ba su samu karɓuwa a wajenmu ba. 'Yan kaɗan da suka shigo cikin motocin Kwatano, masu saye gudunsu suke yi, domin in batir ya mutu ba mai gyara, ga shi tallafin mai ya sa ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Abin da Amurka ta ji a 1973 bai iso mu ba sai bayan shekara hamsin cif.

Tambayar da 'yan'uwa ke yi yanzu ita ce, ko za a iya ɗora wa tsohuwar Golf ko Peugeot wannan injin? An sha gwadawa a ƙasashen waje, kuma mota takan tafi. Amma a nawa ganin, ga mai mota ɗaya, hasara ta fi riba. Dole a sami na'ura mai ƙwaƙwalwa da za ta daidaita injinan biyu da birki, ga nauyin batir, ga kuɗinsa wanda kan iya fin kuɗin motar. Sa'an nan ribar dabarar tana cikin gari ne, inda ake tsayawa ana tashi, kamar cunkoson Kano ko ranar kasuwar Mai'aduwa. Direban da ke miƙe hanya daga Daura zuwa Katsina ba ya yawan taka birki, saboda haka abin da zai rage kaɗan ne. Wannan na cikin abin da ya sa masu motocin haya suka fi karkata ga mayar da su masu amfani da iskar gas, wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinsa a 2023.

Wanda ya sayi wadda aka ƙera da injinan biyu tun daga masana'anta kuwa, abokan gabarsa biyu ne, zafin bazara da ƙurar hunturu. Batirin yana da fanka da ke shaƙar iska daga cikin mota, in ƙura ta toshe ta sai ya yi zafi ya tsufa da wuri. Wutar da ke cikinsa takan kai bolt 200 ko fiye, ba 12 irin na batirin da bakanikenmu ya saba da shi ba, shi ya sa ake yi wa wayoyinsa launin ruwan lemo don gargaɗi. Garin da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a cikinsa a watan Disamba na 2019, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, bai kamata a ce sai an ɗauki irin wannan mota zuwa Kano ko Kaduna kafin a sami mai buɗe batirinta ba. Ina ganin ƙungiyarmu na iya ɗaukar nauyin yaran gareji biyu ko uku su koyi aikin, kuma zan kawo shawarar a taronmu mai zuwa, in Allah Ya kai mu.