Harajin masu sana'ar kansu a Kore Mairuwa: wa ke biya, a ina, kuma yaushe

Kore Mairuwa ƙaramar hukuma ce ta karkara a jihar Doso, a kan babbar hanyar RN1 tsakanin Doso da Dogon Dutsi. Tun 2011 take cikin gundumar Tibiri, wadda aka cire daga gundumar Dogon Dutsi. Banda noma, jama'a da dama na cin abinci ne daga sana'ar kansu: masu shaguna, teloli, mahauta, 'yan kabu-kabu, masu injin niƙa da dillalan hatsi. Ma'aikacin albashi ana yanke masa haraji tun kafin kuɗin ya shiga hannunsa. Mai sana'ar kansa kuwa shi ne zai kai kansa, ya bayyana cinikinsa, ya biya.

Lanho, tikiti da harajin sana'a

Kuɗi iri uku ne mutane kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne lanho, wanda masu gari ke tattarawa gida-gida su miƙa wa ma'aikatar magajin gari. Na biyu shi ne tikitin kasuwa, na rumfa ko na dabbar da aka sayar, shi ma na ƙaramar hukuma ne. Tun watan Afrilun 2024, da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ke kula da waɗannan kuɗaɗe. Na uku shi ne harajin sana'a, wanda har yanzu ake kira fatanti, kuma ma'aikatar haraji ta ƙasa, DGI, ke da alhakinsa. Biyan tikitin kasuwa ba ya sauke wa mutum harajin sana'a.

Rajista

Matakin farko shi ne samun lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, wadda DGI ke bayarwa. Ɗan kasuwa kan yi kuma rajistar kasuwanci ta RCCM a kotu, bisa dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da Nijar ke ciki. Gyaran da OHADA ta yi a 2010 ya sauƙaƙa wa ƙaramin mai sana'a, inda sanarwa kawai ta wadatar da shi.

Rukunin masu biya

Yawan cinikin shekara ne ke nuna rukunin da mutum yake. Ƙananan masu sana'a suna ƙarƙashin harajin dunƙule, wanda ake kira impôt synthétique da Faransanci. Biya ɗaya ce da ke tsayawa a madadin harajin riba, harajin TVA da fatanti, kuma wani kaso nata na komawa ga ƙananan hukumomi.

Wanda cinikinsa ya haura iyakar da doka ta gindaya yakan koma tsarin lissafi na ainihi. A nan dole ya riƙe littattafan lissafi, ya biya kashi 30 cikin 100 na ribarsa, ya karɓi TVA na kashi 19 cikin 100 daga abokan ciniki ya miƙa wa baitulmali. Takardun lissafin shekara ana ajiye su ne kafin ƙarshen watan Afrilu na shekarar da ta biyo baya. Dokar kasafin kuɗi kan sauya iyakokin rukunan, saboda haka tambaya a ofishin haraji a farkon shekara ta fi dogaro da abin da aka biya bara.

Mai zaune a waje

Arewa na iyaka da jihar Kebbi, kuma da yawa daga 'yan yankin na ci-rani ko zaman kasuwanci a Najeriya, Benin da Kodebuwa. Ƙa'idar ita ce, inda ake gudanar da sana'a can ake biyan harajin ribarta. Mutumin da ke zaune a Legas amma yana da shago ko injin niƙa a Kore Mairuwa, harajin wannan sana'ar na Nijar ne, ko da ƙaninsa ke tsaron shagon.

Tsakanin ƙasashe 8 na UEMOA akwai dokar 2008 da ke hana a karɓi haraji sau biyu a kan riba ɗaya. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, don haka dokar ba ta shafi mazauna can ba. Yarjejeniyar haraji ta 1965 da Faransa kuwa, Nijar da Mali sun sanar da janyewa daga irinta a watan Disamban 2023.

Sakamakon rashin biya

Jinkiri na jawo tara a kan asalin kuɗin, kuma bashi in ya taru ana iya rufe shago. Wanda ba shi da takardar shaidar biyan haraji, ARF, ba ya samun kwangilar gwamnati, ko da ginin aji ɗaya ne ko kawo tebura ga makarantar ƙauye. Hujjar mai biya ita ce rasit mai hatimi, ɗauke da sunansa da shekarar da ya biya wa. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu ba tare da rasit ba, a wurin hukuma ba a biya shi ba.