Injinan Kakuri da lissafin kashe bashi

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila. Bayanta United Nigerian Textiles da Arewa Textiles da Nortex suka biyo, har Kakuri ta zama cibiyar saƙa ta Arewa. An sha bayyana abin da ya durƙusar da su: ƙarancin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri. Akwai kuma wani dalili da ke ɓoye a littattafan akantoci, wanda Turawa ke kira amotaizeshan.

Tushen kalmar a Latin yana nufin mutuwa, ma'anarta kuwa kashe wani adadin kuɗi daki-daki cikin wa'adi. Ɗauki misalin bashin naira miliyan 1 na shekara 5, da ruwan kashi 20 cikin 100. Mai bashin zai riƙa biyan kusan naira 334,380 duk shekara. A shekarar farko naira 200,000 daga ciki ruwa ne, 134,380 kaɗai ke rage uwar kuɗin. A shekarar ƙarshe ruwan bai wuce 55,730 ba. Biyan ba ya sauyawa, rabonsa ne ke juyawa, shi ya sa wanda ya yi shekara biyu yana biya kan yi mamakin yawan abin da ya saura.

Haka ake yi wa takardar lamuni: wanda ya saye ta sama da farashin da aka rubuta a jikinta yana goge rarar kaɗan-kaɗan har ranar da za a maido masa da kuɗinsa. Akanta ma yana raba kuɗin lasisi ko na inji a kan shekarun da zai yi amfani, ko da yake na inji suna daban gare shi a wajensu, wato raguwar daraja.

Wannan na ƙarshen shi ya cuci Kakuri. Injinan saƙa daga waje ake sayo su da kuɗin waje, amma da naira ake rubuta su a littafi, bisa farashin ranar saye. A 1980 dala ɗaya kusan kwabo 55 ce. A ce masaƙa ta sayi injin dala 100,000 a lokacin, wato naira 55,000, ta raba kuɗin a kan shekara 10. A watan Satumban 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta saki farashin naira ƙarƙashin shirin SAP, kuma kafin 1990 ta ƙare dala ta kai kusan naira 8. Littafi ya nuna an gama fanshe injin, alhali sabonsa yana bukatar naira 800,000. Ribar da aka gani a takarda cikin waɗannan shekaru, wani ɓangarenta jarin masaƙar ne ke zagwanyewa.

Masu bashin dala kuwa, kowane kashi na biyansu ya ninka da naira. A 1987 aka sakar wa bankuna mara wajen tsayar da kuɗin ruwa, rancen gida ma ya yi tsada. Sai aka ci gaba da lallaɓa tsofaffin injina har suka kasa gogayya da na Asiya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi sahu a 2007.

Akwai kuma kuɗin sallamar ma'aikata, bashin da ke taruwa duk shekarar da mutum ya yi yana aiki, wanda ya kamata a riƙa tanadar masa tun da sauran hali. Tsofaffin ma'aikatan Kaduna Textiles sun shafe shekaru suna neman haƙƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.

Duk wanda zai sa hannu a takardar rancen gida ko na mota a yau, ya nemi jadawalin biya tukuna, ya ga nawa ne ruwa, nawa ne uwar kuɗi a kowane wata. Ya kuma duba ko kuɗin da ake binsa da wanda yake samu iri ɗaya ne. Mai injin niƙa ko na ɗab'i kuwa ya yi tanadinsa bisa farashin sabon inji a kasuwar yau.