Kwamitin Haƙƙin Yara na Ƙaramar Hukuma: Asalinsa, aikinsa da inda gizo ke saƙar

Kwamitin aiwatar da haƙƙin yara na ƙaramar hukuma shi ne mataki na ƙarshe cikin matakai uku da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta shimfiɗa domin sa ido kan yadda ake kare yara a Nijeriya. Akwai kwamiti na tarayya, akwai na jiha, sannan wannan, wanda ya fi sauran kusa da gidan da ake gallaza wa marainiya da tashar motar da yaro ke kwana a cikinta. Duk da wannan kusanci, shi ne wanda jama'a suka fi ƙarancin jin labarinsa.

Asalin dokar

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara a 1991, kuma a 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu kan dokar da ta shigar da ita cikin dokokin ƙasa. Sai dai tsarin mulki ya bar sha'anin yara a hannun jihohi, saboda haka dokar ba ta da ƙarfi kai-tsaye sai a Abuja. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata.

A yawancin jihohin Arewa an daɗe ana kai ruwa rana, musamman kan sashen da ya haramta aure kafin shekara 18 da kuma batun mayar da ɗan riƙo tamkar ɗan cikin mutum, wanda malamai suka ce ya saɓa wa shari'a. Kaduna ta yi tata dokar a 2018, Borno a 2022, Kano kuwa sai a 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Jihohi sun yi wa dokar kwaskwarima iri-iri, don haka mai son sanin ainihin tsarin garinsu dokar jiharsa zai duba. Bayanin da ke tafe na dokar tarayya ne.

Su wa ke cikinsa?

Sakataren ƙaramar hukuma ne shugaban kwamitin. Tare da shi akwai masu kula da sassan lafiya da walwalar jama'a da ilimi, da hakimi ko dagaci, da wakilan malaman makaranta da iyayen yara, da na 'yan kasuwa maza da mata, da na ƙungiyoyin al'umma. Hikimar wannan haɗi a fili take. Malama ce ke fara ganin tabon bulala a bayan ɗaliba, ma'aikaciyar asibiti ce ke ganin raunin da bai yi kama da na faɗuwa ba, mai unguwa kuma ya san gidan da ake jin kuka kowane dare. Kowannensu ɓangaren labari kawai yake riƙe da shi, sai an zauna wuri ɗaya ake gane cewa yaro ɗaya ake magana a kai.

Aikin kwamitin shi ne wayar da kai, da tattara bayanai kan halin da yaran yankin suke ciki, da bibiyar yadda ake aiwatar da dokar, da daidaita ayyukan hukumomi da ƙungiyoyi, sannan ya riƙa aika rahoto zuwa kwamitin jiha.

Abin da ba huruminsa ba

Kwamitin ba kotu ba ne, ba ya kama mutum, ba ya raba yaro da iyayensa. Binciken zargin cutar da yaro nauyi ne da dokar ta ɗora wa gwamnatin jiha, wadda ke sauke shi ta hannun jami'an walwalar jama'a. 'Yan sanda na iya ɗauke yaro na ɗan lokaci idan rayuwarsa na cikin haɗari, amma hukuncin inda zai zauna na Kotun Iyali ne, wadda ke zama a matakin majistare da na babbar kotu. Idan safarar yara ce, hukumar NAPTIP ce ke da hurumi. A aikace kuwa, ƙorafi da yawa a Kano da wasu jihohi a fadar mai unguwa ko ofishin Hisbah yake fara sauka, kuma sau da yawa a nan ake kashe maganar da sulhu, har da laifin da bai kamata a sasanta shi ba, irin su fyaɗe.

Inda giɓin yake

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa shida cikin kowane yara goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu ta fuskanci na lalata. Waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ainihin ma'aunin sa ido.

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300, ciki har da ƙananan yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura. Gidan na Rigasa a tsakiyar unguwa yake, kuma tsegumi ne ya kai 'yan sanda wurin, ba ziyarar duba ta wata hukuma ba, alhali jihar tana da dokarta tun shekarar da ta gabata.

Babban dalili shi ne kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 sun shafe shekaru suna karɓar kasonsu ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke juyawa, kuma kwamitin da ba shi da kuɗin zama ko na man babur, sunansa kawai ke kan takarda. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai-tsaye. Hukuncin bai ware wa yara ko sisi ba; shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli ne za su sa kwamitin cikin kasafinsu ko su bar shi a waje.