Tarihin Awon Kunkunniya: Daga Bakin Bututu Zuwa Jikin Ɗan Adam

Kunkunniya, wato baƙar ƙurar da ke tashi cikin hayaƙi idan itace ko kwal ko man dizal bai ƙone sarai ba, ta daɗe tana zaune da ɗan Adam. Amma hukuma ba ta iya hana ta ba sai da aka sami ma'auninta, domin alƙali ba ya hukunci a kan abin da ba shi da mudu.

Ma'aunin farko ido ne. A ƙarshen ƙarni na 19 wani malami Bafaranshe, Maximilien Ringelmann, ya tsara allo mai matakai daga 0, wato fari fat, zuwa 5, wato baƙi ƙirin. Mai duba yakan tsaya daga nesa ya gwada hayaƙin bututun masana'anta da allon.

A watan Disamba na 1952 hazo ya gauraya da hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan har kwana biyar. Ƙidayar farko ta nuna mutum kimanin 4,000 sun rasu. Binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ɗauki mataki na 2 na allon Ringelmann a matsayin iyakar baƙin hayaƙi. Daga 1961 aka baza tashoshin awo a Birtaniya, inda ake zuƙo iska ta cikin farar takarda kwana guda, sa'an nan a auna duhun tabon da ya rage. A 1984 kuwa masana a Berkeley ta Amurka suka bayyana na'urar da ke yin wannan awo ba tsayawa.

Daga nan sai awo ya shiga jiki. A 2006 likitoci a Leicester ta Ingila suka duba kakin yara, suka tarar cewa gwargwadon yawan kunkunniyar da ke ciki, gwargwadon raunin numfashinsu. A 2019 masana na Jami'ar Hasselt a Beljiyam suka gano ta cikin mabiyiya, a ɓangaren da ke fuskantar ɗan tayi.

Saboda haka baƙin da ake gani a rufin ɗakin girki na itace rabin labari ne kawai. Sauran yana cikin ƙirjin mai girkin, da na goyon da ke bayanta.