Zare: Mutumin da ya ci lambar Olamfik a wasan da ƙasarsa ba ta da filinsa 🧵

1/ Jama'a, jiya maimakon karatun jarabawa sai na ɓige da bin tarihin wani ɗan Denmak, Viktor Hald Thorup. Tunda dai lokacin ya riga ya tafi, ku zo mu raba.

2/ Wasansa tseren kan ƙanƙara ne. Ana ɗaura takalmi mai doguwar kaifin ƙarfe a ƙasa, a riƙa zagaya fili mai tsawon mita 400. A Holan mutane na haukan wannan wasa kamar yadda muke yi da ƙwallo.

3/ Matsalar ita ce, Denmak ba ta da irin wannan fili mai mita 400 a rufe. Duk ɗan ƙasar da ke son ya yi nisa sai ya tafi waje atisaye. Shi Thorup, da aka haifa a 1994, da takalmi mai taya ya fara tsere kafin ya koma ƙanƙara.

4/ Denmak fa ƙasar sanyi ce, amma shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsu. Kafin 2026 lamba ɗaya tak ta taɓa ci a Olamfik na hunturu: azurfar da matansu suka samu a Nagano a 1998, a wasan tura dutse kan ƙanƙara.

5/ A 2018 a Pyeongchang aka fara saka tseren tashi-tare cikin Olamfik. Kowa ya tashi lokaci ɗaya, zagaye 16, wato mita 6,400. Nan dabara ta fi ƙarfi aiki: ka laɓe bayan wani ya tare maka iska, ka adana numfashinka.

6/ Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu ya ɗauki zinare. Thorup ya zo na 5. Kusa da lamba, amma hannu wayam. Ya sake zuwa Beijing a 2022, nan ma shiru.

7/ Sai Fabrairun 2026 a Milan. Shi da Jorrit Bergsma na Holan, mai shekara 40, suka ɓalle daga taro tun tseren bai yi nisa ba. Caca ce fa, don idan ƙafa ta mutu, na baya za su haɗiye ka.

8/ Na bayan kuwa suka tsaya kallon juna, kowa na jiran wani ya ja gaba ya sha iskar. Kafin su farga tazara ta yi yawa.

9/ Bergsma zinare, Thorup azurfa, Andrea Giovannini na Italiya tagulla. Bayan shekara 28, Denmak ta samu lambarta ta biyu, daga hannun mai shekara 31 a zuwansa na uku.

10/ Tambayata gare ku: da ku ne a cikin taron nan na baya, za ku bi su ko za ku jira wani ya fara? Ni dai bari in koma kan littafi, jarabawa jibi ce 😭