Sawun Baƙi da Tsirar Dajin Michoacán

Kowace kaka, wani malam-buɗe-littafi mai fukafukai ruwan goro da ratsin baƙi, wanda ake kira Monarch, yakan taso daga Kanada da Amurka, ya ci tafiyar kusan kilomita 4,000, ya sauka a dazuzzukan itatuwan oyamel da ke tsaunukan Michoacán a Meksiko. Mutanen yankin sun san da zuwansa tun kaka da kakanni, kuma da yake yana isowa a farkon Nuwamba, lokacin bikin tunawa da mamata, wasunsu na ɗaukarsa ruhin magabata. Masana kuwa sai a Janairun 1975 suka gano masaukinsa, ta hannun Ken Brugger da Catalina Aguado, masu taimaka wa Fred Urquhart na Jami'ar Toronto. Mujallar National Geographic ta yayata labarin a 1976, baƙi suka fara tururuwa.

Tun daga nan makomar dajin ta rataya a kan hanyoyin ƙafa da baƙin ke bi. A 1986 gwamnati ta killace wurin, a 2000 ta faɗaɗa shi zuwa fiye da hekta 56,000, UNESCO kuma ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2008. Sai dai galibin ƙasar mallakar ƙauyuka ce, kuma a da da saran katako suke ci. Dokar da ta ƙwace gatari ba ta ba da tuwo ba, shi ya sa saran ɓoye ya daɗe yana cin dajin. Zuwan baƙi ya kawo wata hanyar ci: a wurare irin su El Rosario da Sierra Chincua, 'yan ƙauyen ne ke karɓar kuɗin shiga, su yi jagora, su ba da hayar dawakai. Baƙo yakan hau da ƙafa har tsayin mita 3,000, ya tarar da rassa sun sunkuya saboda nauyin ƙwarin. Idan rana ta ɗumama suka tashi, sai a ji kaɗawar fukafukansu kamar yayyafi a kan ganye.

Masu suka na cewa hayaniya da ƙura suna takura wa ƙwarin. Gaskiya ne, amma wannan illa tana da magani: igiyar iyaka, yin shiru, da taƙaita zama. Itacen da aka sare kuwa, rumfar da ke kare su daga sanyin dare ce ta tafi. Wasu kuma na cewa tushen raguwarsu yana Amurka, inda maganin ciyawa ke kashe tsiron da tsutsotsinsu ke ci. Wannan ma haka ne, sai dai ko an gyara can, dole su samu masauki a nan. Masaukin kuwa zai tsaya ne muddin mai dajin ya ga itace a tsaye ya fi masa riba a kan katako.